Tun Da Aka Kashe Mahaifinsa Ya Canja, Yanzu Maigida Zai Kai Shi Almajirci

Assalamu alaikum. Ni matar aure ce mai 'ya'ya 3. Shekara 2 da suka wuce 'yan bindiga suka shiga ƙauyenmu a Zamfara da daddare suka kashe yayana. Ɗansa, wanda muke kira Abba don sunan mahaifinmu gare shi, yana ƙarƙashin gado a ɗakin, ya ji komai. Shekararsa 7 a lokacin. Suka gudo gari shi da uwarsa. Da ta gama takaba ta yi aure, mijin ya ce ba ya riƙon agola, aka kai shi wajen mahaifiyarmu. Ita ma ciwo ya kwantar da ita, sai na ɗauko shi wata 8 da suka wuce.

Tun da ya zo ban huta ba. Yaron da ya daina fitsarin kwance tun yana shekara 4, yanzu kusan kullum sai ya yi. Yana farkawa da ihu. In babura suka wuce da yawa sai ya ruga ɗaki. Ina tsintar tuwo da burodi a ƙarƙashin filonsa, alhali ba a hana shi abinci. Malaminsu ya ce ba ya gane komai, sai dai ya zuba wa allo ido, ga faɗa. A ƙauye kuwa yabon ƙwaƙwalwarsa ake yi. Makon jiya ya fasa wa ɗana baki don ya taɓa shi ta baya.

Maigida ya yi duka har ya gaji. In ana dukansa ko kuka ba ya yi, sai ya ƙafe. Ya ce taurin kai ne, bayan sallah zai kai shi almajirci. Surukata ta ce iska ce, a kai shi ruƙiyya. Ni ma wani lokacin haushinsa nake ji, sai in tuna yayana in yi ta kuka. In bari a kai shi, ko in mayar wa uwarsa? Kuma yaron nan zai dawo daidai kuwa?

Gwaggon Abba, daga Funtuwa

Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Allah ya jiƙan yayanki da rahama, ya ba mahaifiyarku lafiya, ke kuma ya saka miki da alheri. Tunda sallah ba nisa, bari in fara da abin da kika tambaya: a ganina kada a kai Abba almajirci, kada kuma a mayar da shi gidan da aka riga aka ce ba a son sa. Ki lissafa abin da ya fita daga hannun yaron nan cikin shekara 2: uba, ƙauyensu da abokan wasansa, uwa, sannan kaka. Sau 3 ana ɗaure masa kaya a leda. Duk abin da kika zayyana, daga fitsarin har faɗan, alamu ne da likitocin yara suka sani sarai a jikin yaron da ya ga tashin hankali aka kuma yi ta sauya masa hannu. Ƙaura ta 4 ƙara su za ta yi.

Allah ya halicci jikinmu da abin da ke tashe shi in haɗari ya zo. Wani ɗan sashe a ƙwaƙwalwa ke hango haɗarin, sai jiki ya saki sinadarai irin su adiranalin da kotisol: zuciya ta hau bugu, numfashi ya yi sauri, mutum ya shirya gudu, ko faɗa, ko ya sandare wuri ɗaya. In haɗarin ya wuce kuma akwai babban da zai rungumi yaro, jikin yakan sauka. Abba ya kwana ƙarƙashin gado yana jin abin da ake yi wa mahaifinsa, waɗanda za su lallashe shi su ma a ɗimauce suke, daga baya suka watse ɗaya bayan ɗaya. Har yau jikinsa bai yarda an gama ba. Wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu.

To, sake duba abubuwan da ke ba ku haushi. A kan babura 'yan bindiga ke zuwa, don haka ƙararsu a kunnensa sanarwar hari ce. Ɗanki ya taɓa shi ta baya, hannunsa ya riga tunaninsa. Ƙafewar da maigida ya ɗauka raini ce, ita ce ta tsirar da shi a daren nan: kar ka motsa, kar ka yi tari. Tuwon ƙarƙashin filo na yaron da bai tabbata gobe yana gidan ba ne. Karatu kuwa sai hankali ya zauna wuri ɗaya ake riƙe lissafi ko a haɗa baƙi, shi kuma rabin hankalinsa na kan ƙofa da taga, ga barci bai ishe shi ba. Ƙwaƙwalwar da ake yabo a ƙauye tana nan, gadi ne ya shagaltar da ita.

Kin tambaya ko zai dawo daidai. Tsakanin 1995 da 1997 wasu likitoci biyu a Amurka, Vincent Felitti da Robert Anda, sun tambayi manya fiye da 17,000 abin da suka fuskanta suna yara: duka, ƙasƙanci, lalata, rashin kulawa, rabuwar iyaye, ganin ana dukan uwa da makamantansu. Kusan 2 cikin 3 sun fuskanci aƙalla ɗaya, kusan 1 cikin 8 sun haɗa 4 ko fiye, kuma gwargwadon abin da mutum ya haɗa, gwargwadon haɗarin ciwon damuwa, shaye-shaye, har ciwon zuciya bayan ya girma. Taruwar ce ke yin ɓarna, masifa kan masifa, shi ya sa nake tsoron bulala da wata rabuwar. Abin da ya faru a ƙauye ya riga ya faru, amma ƙarin da ake ɗora masa yanzu kuna da ikon tsayar da shi. Alƙaluman nan kuma ba hukunci suka yanke wa kowa ba. Da yawa masu irin wannan tarihi sun girma lafiya lau. Masu nazarin rayuwar yara a Jami'ar Harvard sun daɗe suna nanata cewa abin da aka fi samu a tarihin yaran da suka farfaɗo shi ne babba ko da guda ɗaya da ya tsaya musu bai gusa ba. Ba zan ce miki zai manta ba. Amma ya koma barci, ya koma wasa, ya kama karatu, wannan ana gani sosai.

Matakin farko asibiti ne, cikin makon nan, sashen yara. Damuwa na dawo da fitsarin kwance, amma ba a ɗora mata sai an kawar da sauran dalilai. A gwada fitsarinsa a duba ƙwayoyin cuta, suga da jini, ki kuma faɗa wa likita in yana wanka a rafi ko kududdufi a ƙauye, saboda tsargiya. Ki lura da bayan gidansa: in yana kwana 3 bai yi ba ko yana yi da ƙyar, hanjin da ya cika na danne mafitsara, sau da yawa ana magance taurin cikin fitsarin ya ragu. In yana yawan shan ruwa da yawan fitsari da rana yana kuma ramewa, kar ki jira gobe. A duba jininsa ko ya yi ƙasa, a duba ido da kunne, don yaron da ba ya ganin allo shi ma "ba ya gane komai" ake ce masa. Zuba idon nan ma ki gwada: ki kira sunansa ki dafa kafaɗarsa ta gaba. In ya zabura ya dawo, tunani ne ya ɗauke shi. In kuwa bai ji kira ba bai ji taɓi ba na kamar sakan 10, ido na ƙiftawa ko baki na motsi, sannan ya ci gaba bai san an yi ba, sau da yawa a yini, to akwai farfaɗiyar da ba ta kayar da mutum, kuma tana da magani. Ki ɗauki bidiyonsa a waya ki nuna wa likita.

A kan fitsarin, ba duka, ba gori, ba shanya katifa a tsakar gida ana nunawa, duk yaron da ya kira shi amalala kuma ki tsawata masa. Mai barci ba ya yin abu da gangan, kunya kuwa tsoron dare take ƙara masa. Ki shimfiɗa leda mai kauri ƙarƙashin zaninsa, ki ajiye masa wandon canji kusa. Ya sha ruwa sosai da safe da rana, kofi 6 zuwa 8, a rage bayan magariba ba tare da an hana shi gaba ɗaya ba, ban da shayi da lemon kwalba da dare. Ya yi fitsari bayan isha'i, ya sake yi daf da kwanciya. Sannan ina banɗakinku yake? In sai an ratsa tsakar gida cikin duhu, yaron da ke tsoron dare zai gwammace ya riƙe har ya kuɓuce masa. Ki sa masa tocila a gefen filo da fo ko ƙaramin bokiti a ɗaki. Da safe ku wanke tare ba surutu. Ki yaba masa kan yin fitsari kafin kwanciya da taya wanki, don su ne a ikonsa.

Ihun dare iri biyu ne. Akwai mai zuwa awa 1 zuwa 3 bayan ya yi barci, ido buɗe, gumi sharkaf, bai gane ki ba, da safe bai tuna ba. A nan kar ki girgiza shi ko ki watsa masa ruwa, ki zauna kusa ki kare shi daga buguwa har ya koma. Akwai na wajen asuba, ya farka sarai yana tuna mafarkin. Ki kunna fitila, ki riƙe shi in ya yarda, ki gaya masa inda yake. Mai shekara 9 na bukatar barcin awa 9 zuwa 12, kar ya kwana shi kaɗai, kar kuma ki karɓo masa maganin barci a kemis. Irin na farkon nan ne surukarki ta gani ta fassara da abin da ta sani, ba sai kin yi musu da ita ba. Ayatul Kursiyyu, Ƙulhuwallahu, Falaƙi da Nasi su shiga tsarin kwanciyarsa, a tofa a tafin hannu a shafa masa. In ita za ta riƙa yi masa da hannunta, ya ƙara samun kaka. Abin da za ki tsaya tsayin daka ki hana shi ne wurin da ake danne yaro, a yi masa tsawa a kunne, a turara masa hayaƙi ko a zane shi da sunan dukan aljani. Maza su taru a kan Abba suna ihu, daren nan ne aka dawo masa da shi.

Babban maganin da ke hannunki shi ne yau ta yi kama da jiya. Lokacin tashi, abinci, makaranta, Islamiyya da kwanciya su tsaya wuri ɗaya. In za ki unguwa ki ce "zan dawo kafin la'asar", ki kuma dawo kafin la'asar. Kar ki sulale don gudun rigima. "Zan mayar da kai" da "za a kai ka almajirci" su fita daga bakin kowa a gidan, ko da wasa. Ki samo ƙaramar roba mai murfi ki zuba masa gyaɗa, ƙuli-ƙuli ko dabino, ki ce tasa ce, ba mai taɓawa, in ta ƙare za a ƙara. In ya ga ba ta yankewa, ɓoyon tuwon yakan ragu da kansa. Kar a taɓa horonsa da hana abinci. Ki kuma ware masa minti 10 zuwa 15 kullum, ku biyu, shi zai zaɓi abin yi, dara ko zane ko tsintar wake. A ciki ba tambayar karatu, ba gyara, ba wa'azi, kuma ko ranar da ya yi laifi ba a sokewa.

In babura suka wuce ya ruga, kar a jawo shi, kar a yi dariya. Ki durƙusa daidai tsayinsa ta gabansa, ki sassauta murya: "Abba, Gwaggo ce. Kana gida. 'Yan acaɓa ne, sun wuce." Ya ja numfashi ta hanci ku ƙirga 4, ya fitar ta baki ku ƙirga 6, sau 5 ko 6, fitar da numfashi a hankali na rage bugun zuciya. Ku riƙa gwadawa yana cikin natsuwa, in ba haka ba ranar firgici ba zai iya ba. Sallah na zuwa da harbin bindigogin gargajiya da abubuwan fashewa na yara, ki sanar da shi tun kafin ranar. A kuma daina kunna bidiyon hare-hare da hirar wa aka sace a gabansa.

Wannan duk ba sakin linzami ba ne. Doka 3 ta isa: ba dukan kowa, ba fita sai da izini, ba ɗaukar kayan wani. In ya kai hannu, ki raba su, ki ce "ba a duka a gidan nan", ki bar shi ya huce inda kina ganinsa, ba a kulle a ɗaki ba. Sai bayan minti 20 ko 30 a yi magana, don mai firgici ba ya jin nasiha. Horon ya zama gajere: ya ba da haƙuri, ya gyara abin da ya ɓata, ya rasa ƙwallon yammacin ranar, gobe kar a tada maganar. Ɗanki da aka fasa wa baki shi ma ya ji daga bakinki cewa ba a kyauta masa ba. Ki gaya wa yaran Abba ya ga abin tsoro, a kira sunansa kafin a taɓa shi, su ma ki ba su nasu mintocin, in ba haka ba za su lura mai rigima ke samun Umma.

Sai maigida. Ki yi masa adalci a zuciyarki kafin ki yi masa magana. Ya buɗe gidansa ga ɗan da ba nasa ba a wannan tsadar, ya ga jini a bakin ɗansa, kuma da bulala aka tarbiyyantar da shi da kusan duk wanda ya sani. Abin da ya iya ne ya ƙare masa, kuma ta nan za ki shiga, don shi da kansa ya ga wata 8 ana duka fitsarin bai tsaya ba, faɗan ma ƙaruwa ya yi. Ki same shi ku biyu, ba ranar da Abba ya yi ɓarna ba. Ki fara da godiya, sannan ki roƙi abu guda mai wa'adi: wata 3 ba duka, ba maganar tafiya, a gwada wannan tsari a gani. Gwaji ya fi sauƙin karɓa a kan a ce wa mutum ya yi kuskure. In da hali ya raka ku asibiti ya ji daga bakin likita. Ki ba shi nasa rabon, ya riƙa tafiya da Abba masallaci, ya aike shi ya sa masa albarka. Yaron da maza suka kashe wa uba yana bukatar namijin da hannunsa ba ya cutarwa, wannan kuwa ke ba za ki iya ba shi ba. Maigida ya san hadisin da Annabi (SAW) ya nuna yatsunsa biyu ya ce haka yake da mai riƙon maraya a Aljanna, ya san Anas ɗan Malik ya yi masa hidima shekara 10 bai taɓa ce masa "don me ka yi haka" ba. In maganar ta fi ƙarfinki, liman ko wani babba da yake jin nauyinsa ya tuna masa.

Burinsa na yaro ya samu Alƙur'ani mai kyau ne, kuma ana cimma shi ba tare da an raba shi da gida ba. Ki kwatanta masa daren farko: mai fitsarin kwance da ihun dare a zaure ɗaya da tarin yara, ba wanda ya san tarihinsa, abinci sai ya yi bara. Gori da duka za su biyo baya, sannan gudu, wanda ya gudu a garin da bai san kowa ba kuwa tasha yake ƙarewa. Makarantar allo ta unguwa, ya je ya dawo ya kwana gida, ta biya bukatar.

Makarantar boko ki je da ƙafarki ki ga malamin ajinsu da hedimasta. "Maraya ne, an kashe mahaifinsa yana wurin, muna ganin likita" ya isa, ki roƙi maganar ta tsaya tsakaninku. A zaunar da shi gaba ta gefen bango, inda yake ganin ƙofa ba mai bi ta bayansa. A ɗauke masa bulala, a daina ce masa daƙiƙi, a ba shi umarni ɗaya-ɗaya. In malami ya ga ya fara tsuma, ya aike shi ofis ko ya je ya sha ruwa ya dawo. Malamin Islamiyya ma a gaya masa haka. A gida, karatun minti 15 daga inda ya iya, ko littafin aji 1 ne, ya fi awa guda ana kuka. Zangon nan ki manta da na nawa ya zo.

Maganar mahaifinsa kar a tilasta, kar a hana. Ba a zaunar da yaro a ce sai ya faɗi abin da ya ji, baƙi ma a hana su tono. In shi ya kawo, a baki ko a zane ko a wasan bindiga da kara, ki saurara ki amsa gaskiya a taƙaice. Akwai tambayar da yara irinsa ke ɓoyewa shekara da shekaru: da na fito, da na yi ihu, da Baba bai mutu ba? Ko bai furta ba ki ba shi amsar, ba sau ɗaya ba: "Kai yaro ne, ɓuyan da ka yi shi ne daidai, shi Babanka yake so ka yi, ba laifinka ba ne." Ke kika san yayanki tun yana yaro. Ki ba shi labaransa na dariya, ki ba shi hotonsa ko hularsa, ku yi masa addu'a tare, don ya samu abin tunawa ban da daren ƙarshe. Uwarsa kuma kar a zage ta a gabansa. Wadda ta rasa miji da gida da gona, aurenta na iya zama neman mafaka ne kawai. Ku tsayar da rana ɗaya a mako ta kira shi ko na minti 5 ne, da sharaɗin kar ta ce "zan zo in ɗauke ka" in ba ta da iko. Zai iya birkicewa kwana 1 ko 2 bayan wayar. Kewa ce, kar a yanke wayar saboda ita.

Haushin da kike ji bai mai da ke muguwa ba. Ke ma ɗan'uwa aka kashe miki, ga jinyar uwa, ga wanki kullum, ga tsayuwa tsakanin miji da maraya. In kin ji hannunki na ƙaiƙayi, ki fita ki yi alwala ki dawo. In tsawarki ta wuce kima, ki koma daga baya ki ce "na yi fushi ɗazu, amma kana nan, ina nan." Baffanninsa su ɗauki kuɗin makaranta ko na asibiti, maigida ya daina jin an bar masa shi kaɗai. In ke ma barci ya ƙaurace miki, ki faɗa wa likitan.

Alamun Abba sun daɗe, sun kuma taɓa barcinsa, karatunsa da zamansa da mutane, don haka ki nemi likitan yara ya tura ku sashen lafiyar ƙwaƙwalwa, kar sunan ya tsorata ki. Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya ba shi da nisa da ku. Akwai kuma asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya a Barnawa ta Kaduna da Kware ta Sakkwato, da Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano. Maganin da aka fi tabbatar da amfaninsa ga irin wannan ɗimuwa na zama ne da tattaunawa, galibi sau ɗaya a mako, zama 12 zuwa 16, tare da mai riƙon yaron. Ana fara koya masa kwantar da jikinsa, sannan a hankali a taimaka masa ya ba da labarin daren har ya daina kayar da shi. Ba da ƙwayoyi ake farawa ba. Amma akwai abin da ba ya jira. In ya ce gara ya mutu ko yana son bin Babansa, in ya fara ji wa kansa ciwo, wasa da wuta, azabtar da dabbobi ko ƙin abinci, ku tafi a ranar. Haka in kin ga wasan banza da ya wuce shekarunsa, ko yana kukan ciwo a gabansa ko bayansa, ko tsoron wani mutum takamaimai. Yaron da ya yi ta yawo hannu-hannu irinsa masu lalata da yara ke nema, dawowar fitsarin kwance kuma na cikin alamun hakan.

Ki sayi littafin rubutu ki riƙa sa alama ba tare da ya gani ba: daren da ya jiƙa, daren ihu, ranar faɗa da abin da ya faru daf da shi. Bayan mako 2 za ki fara gane abin da ke tayar da shi, likita ya samu abin dubawa, maigida ya ga lissafi. Ki shirya wa abin da ke karya gwiwar masu riƙo: makonnin farko bayan an ajiye bulala rigimar na iya ƙaruwa, don yana gwada ko da gaske ake. A nan ake cewa "ai ga shi nan, sangarta shi aka yi" a koma gidan jiya. Ku daure. Dare 6 a mako ya koma 4, firgicin awa guda ya koma na minti 10, ci gaba ke nan. Zai kuma riƙa komawa baya jefi-jefi, in watan harin ya zagayo ko an yi rasuwa a unguwa.

In an yi duk wannan maigida ya ƙi, ko dukan ya ci gaba har yana barin tabo, to zaman ya zama cutarwa, sai a nemi mafita ta biyu. Dangin uba da na uwa su zauna a zaɓi gida ɗaya da zai zauna har ya girma, inda mata da miji duka suka amince da bakinsu, gara a garin da kike don ki riƙa ganinsa duk mako. A gaya masa mako 2 kafin ranar, a kai shi ya wuni can sau 2 ko 3 tukuna, ki ce masa a fili ba don fitsari ko faɗa ba ne. Ke za ki raka shi da kayansa. Kar a ɗauke shi yana barci, kar a ce masa unguwa za a je. Ki ba matar gidan littafin nan, ki gaya mata maganar fitsarin da baburan tun kafin ya iso, kuma in zai yiwu a bar shi a makarantarsa da malamin da ya riga ya san shi.